Yaya Hajo da baƙin tukunya

Na iske Yaya Hajo a Karaye, nan kusa da Jega, tana kankare gindin tukunya cikin ƙwarya. An daɗe ana lallashinta ta je asibiti a duba ƙullutun da ya fito mata a mama, ta ƙi.

Na ce, "Yaya, wanga aiki fa?"

Ta ce, "Ba ki ji rediyo ba? Masana sun ce garin gawayi na shiga jiki shi nuna inda ciwon daji yake, har shi kashe shi. Ga nawa kyauta, da fura zan dama."

Na ce, "Wancan haɗa shi ake yi, ido bai ganin ƙwayarsa, kuma har yau gwaji ake. Da baƙin tukunya na magani, ke da kinka tsufa gaban murhu ko mura ba ta kama ki."

Ta yi dariya, sannan ta aje tukunyar. A hankali ta ce, "Tsoro nike ji, Asabe. In na tafi, kina raka ni?"

Gobe in Allah ya yarda muna asibiti a Jega. Tukunyar dai ta yi fes.

Ku sa Yaya a addu'a. Ku fa, wa kuke lallashi a gida?