Ƙulin Ɗela da Motar Kwara

Duk wanda ya ci kasuwar Dungas a zamanin da kumandan, Baturen mulki, ke zaune a Magariya, ya san Ɗela mai ƙuli. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, muryarta kan riga ta shiga kasuwa. Tun tana budurwa take matsar gyaɗa, har ta kai matan unguwarsu a Magariya ke yi mata aiki, wasu na suya, wasu na daka, wasu na murza ƙuli-ƙuli. Ba ta gaji gona ba, ba ta auri mai kuɗi ba. Sunanta ne jarinta. In aka ce ƙulin Ɗela ne, ba a ɗanɗanawa kafin a saya.

Jakai ne suka ishe ta. Yau tulun mai ya fashe a hanya, gobe ƙuli ya zama gari, jibi a iso kasuwa masu saye daga tsallaken iyaka, ƙasar Ingilishi, sun riga sun juya. Da ƙanenta Bunu ya dawo daga soja da takardar tuƙi, sai ta ce, "Shi ke nan. Mota zan saya."

Aka yi ta dariya, wai mace da mota. Ita ko a jikinta, ta sayar da shanunta.

Akwai wani Kwara, Balarabe mai kanti, da zai koma Damagaram, yana neman rabuwa da ƙaramar motar kayansa. Koriya ce shar, ko fenti bai ƙwarzane ba. Bunu ya buɗe inji, ya shiga ƙarƙashi, ya fito yana murmushi. Ɗela ta hau baya ta tattaka katakon, sai wani wari ya bugi hancinta.

"Me kake ɗauka a nan?"

"Garewanin kananzir ne," in ji Kwaran. "Iska za ta kwashe."

Kai, jama'a! Ɗela da hancinta ke raba gyaɗar bara da ta bana, ita ce ta yarda da wannan magana. Koren fenti ya rufe mata ido.

Tun jajiberin kasuwa aka yi lodi, buhunan ƙuli suka wuni suka kwana a kan katakon. Washegari suka shiga Dungas da ham, ƙura na bin su, Ɗela a gaba ta kashe ɗauri. Nan da nan aka yi cincirindo. Cikin masu saye har da Ramatu matar mahauci, mai tsohon ciki, wadda tun da ta samu cikin nan ba abin da take marmari sai ƙulin Ɗela. Ta gatsa, ta tauna, ta ruga bayan rumfa tana amai.

"Inna Ɗela," ta ce tana share baki, "kananzir ne!"

Ɗela ta jefa guda a baki. Kananzir ne kuwa. Kunya irin ta ranar nan ba ta taɓa jin ta ba.

Bunu ya matso ya rage murya. "Yaya, mu karyar da shi ga baƙi. Kafin su gane sun yi nisa."

"Baƙin ba su da baki ne?"

Ta hau bayan motar ta buɗe makogwaro: duk wanda ya sayi ƙulinta yau ya dawo da shi. Waɗanda ba su ji ba ta bi su rumfa-rumfa. Ƙulin ta sa aka haƙa rami aka binne, man gyaɗar da suka zo da shi kuma ta ce a kai masallaci a zuba a fitila. Suka koma gida da mota wayam.

Magana ta bazu har Mallawa, wai ƙulin Ɗela warin mota yake. Bunu ya ce a sayar da motar a koma wa jakai tun suna bai gama lalacewa ba.

"Kai Bunu, sau nawa tukunyata ta yi wari ka ga na fasa ta?"

Ta kira kafinta ya ɓamɓare katakon duka, ya sa sabo. Kafin ya sa, matan aikinta suka taru a kan ƙarfen da toka da sabulun salo da ruwan tsamiya, suka dirje shi suna waƙa, aka bar shi a rana ya gasu. Ta ɗauko kaskon turare za ta hau, Bunu ya dafe kai.

"Yaya, wuta kusa da isansi, man mota? So kike ki tashi unguwa?"

Nan ta ji maganarsa. Tabarmi ta turara can gefe, aka shimfiɗa. Kasuwa ta ci ta sake ci, Ɗela ba ta je ba. Kullum sai ta ajiye ƙuli guda a cikin motar, da safe ta tauna ta tofar, ta ce a sake wankewa. Ran nan ta tauna ta haɗiye.

Ranar da suka koma Dungas ba ham, ba cincirindo. Mutane na wucewa suna gaishe ta daga nesa, irin gaisuwar da ake yi wa mai jinya. Abin ya yi mata ciwo, amma ba ta sauke kaya ba. Ta naɗe tabarma, ta kwance buhu, ta juye ƙulin a kan tsuran katakon motar kowa na gani. Sannan ta aika a kira Ramatu.

Ramatu ta zo tana jan ƙafa, ciki ya yi gaba, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Inna, wallahi tsoro nake ji."

"Ni ma haka, 'yar nan. Amma duk kasuwar nan ba hancin da ya kai naki. In kin ji wari, yau zan bar sana'ar."

Masu rumfuna suka miƙo wuya. Ramatu ta saki mayafin, ta sunkuya ta shinshina katakon. Ta ɗauki guda ta gatsa kaɗan, ta tauna a hankali. Ta ƙara gatsa. Bakinta ya cika taf. Sai ta ware bakin zanenta da hannu biyu ta miƙa wa Ɗela a zuba mata.