Daeng Rewa da Gwangwanayensa na Shinkafa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, sha huɗu ga Fabrairu, Allah ya yi wa Daeng Rewa rasuwa a gidansa da ke birnin Makassar, bayan jinyar wata biyar. Shekara ashirin da shida ya yi yana ɗaukar sauti a wasannin talabijin na harshenmu na Makassar. Tashar talabijin ɗin ta aiko da allon furanni na ta'aziyya: sunanta da manyan baƙaƙe, nasa da ƙanana.

Daeng, ranar da na kawo rubutun wasana na farko, ka saurara, sannan ka ce, "Mai Digiri, wa ke magana haka? Uwarki a kasuwa, ko shugaban jami'arku?" Ka tura ni wurin masu sayar da kifi na kasuwar Paotere, na yi sati ina kasa kunne. Na ji haushi. Rubutun ya gyaru.

Wasan nan ya riƙe gidaje. Duk ranar ɗauka mai coto, farfesun naman nan namu, takan sayar da tukunya uku, da ɗinkin kayanmu kuma telan unguwa ya aurar da 'ya'yansa. Na rubuta wannan da alƙaluma na karanta a wani taro. Aka tafa, aka ci abinci. Bayan wata huɗu aka soke shirin, aka sa wasan Jakarta a gurbinsa.

Al'adar tashar ce a goge kaset a sake ɗauka a kansa. Kai ba ka gogewa. Sai ka sayo sabo ka ajiye musu, ka tafi da tsohon gida. Fiye da ɗari huɗu ka tara, kowanne cikin gwangwanin biskit da ɗanyar shinkafa don ta shanye danshi. Farkon kowane wata kakan juya zarensu da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kada ya manne. A cikinsu akwai muryar mahaifiyata. Ka lallaɓa ta ta yi waƙar raino a wani wasa, ba ta kuma bar wata murya a ko'ina ba.

Na yi maka alƙawarin kwashe kaset-kaset ɗin zuwa kwamfuta. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta wasiƙun neman tallafi, masu kyau ƙwarai.

"Ƙanwata, shinkafa ba ta karanta wasiƙa," ka ce. "Zo mu fara ko da biyu ne."

Na ce bayan damina.

Ranar addu'ar bakwai matarka Daeng Kebo ta kai ni ɗakin da ka ajiye gwangwanayen.

"Tun da ya kwanta ba wanda ya juya su," ta ce. "Sau uku ya ce in kira ki. Na ce masa kina da aiki."

Mun buɗe goma sha biyu. Shinkafar ta yi baƙi, zaren ya manne kamar alewa, fumfuna ta lulluɓe shi. Gwangwanin da ka rubuta sunan mahaifiyata a kai ban buɗe ba. Yana kan teburina.

Allah ya jiƙan ka, Daeng, ya sanyaya makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa Daeng Kebo da 'ya'yanku ta'aziyya, Allah ya ba su haƙurin rashi. Ni kuma ya yafe mini daminun nan goma sha ɗaya.