Dattijo Mai Gyale a Tashar Marrakesh

Zuhur ta daɗe tana raba karta a wani gidan caca na birnin Marrakesh, shi ya sa tana ganin wani dattijo zaune a tashar jirgin ƙasa ta san ɗan cacar kartar nan ta poka ne. Rana na ƙuna, amma ya naɗe wuyansa da gyale, irin dabarar 'yan caca masu ɓoye harbawar jijiya don kada a gane abin da ke ransu. Tafukansa na kife a kan gwiwoyinsa, yana numfashi a hankali, ko ido bai cika ƙiftawa ba.

Jirgin da ya taso daga birnin Kasabalanka na tsayawa, sai ga wata matashiya da jariri a kafaɗa, ta nufo shi da sauri.

"Baba, ga jikanka! Sunanka na sa masa."

Babban yatsan dattijon ya soma rawa. Nan take ɗaya hannun ya danne shi, kamar wanda aka raba wa karta mai kyau yana tsoron a gane.

"Madalla. Kun sha hanya," in ji shi, fuska a shafe.

"Haba Baba, ko ɗan murmushi? Har yanzu fushi kake da ni?"

Zuhur ji take kamar ta tashi ta ce, 'yar nan, wallahi murna yake. Wataƙila shekaru ya kwashe gaban madubi yana hana fuskarsa magana, har ta manta yadda ake yi. Amma da wane baki baƙuwa za ta shiga tsakanin uba da 'ya?

Matashiyar ta ƙanƙame jaririnta, ta ɗauki jakarta da kanta, ta yi gaba. Dattijon na biye da ita a hankali.