Ƙofar da Ɗan Fari Ya Kulle

Surukina manomin albasa ne a Aliero, kuma tun da na auri 'yarsa maganarmu ba ta wuce gaisuwa. In durƙusa daga nesa, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi in kama gabana. In yana da saƙo gare ni sai ya bi ta bakin matata, nawa ma ta nan yake bi. Wani abu kuma da kowa ya sani game da shi, bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba. Kunyar ɗan fari ta hana shi. "Wancan" yake ce masa, in kuma da matata yake magana sai ya ce "abokin mijinki".

Wancan ɗin abokina ne tun muna makaranta, ta dalilinsa ma na san ƙanwarsa. Shi ya lallashi tsohon ya buɗe cibiyar jarabawa ta kwamfuta a Jega Sabon Gari, don yaran Alelu da Karaye su huta da doguwar tafiya. Shi ya ja wayoyi, ya jera kwamfutoci, ya kafa saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗaukar tambayoyi daga cikinta. Mutum ne da bai yarda da kowa ba. Na sha tsokanarsa cewa ko inuwarsa ce ta zo sai ya tambaye ta kalmar sirri. Sai ya yi dariya, ya je ya ƙara toshe wata ƙofar.

Zazzaɓi ya ɗauke shi cikin damina, kamar wasa. Bayan an share makoki aikin cibiyar ya faɗo a kaina, ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Ni ina Maiyama da ɗan shagona na gyaran kwamfuta, sai na riƙa zirga-zirga. Saba tana aikinta, ban taɓa ta ba, domin tsohon ya aiko cewa a bar komai yadda yaron ya bari. Babur ɗinsa ma yana nan a zaure a lulluɓe, ɗakinsa a rufe.

Da shekara ta zagayo sai masu ba da izinin jarabawa suka ce duk cibiyar da ba ta kawo sakamakon binciken tsaro ba, ba za a turo mata ɗalibi ko ɗaya ba. Kuma ba binciken tsayawa a bakin ƙofa suke nufi ba. Dole manhajar binciken ta shiga cikin saba da izini, ta duba ciki da bai, ta faɗi duk inda ɓarawo zai iya bi. Na san in aka rufe cibiyar nan, abin da abokina ya bari a duniya ya ƙare ke nan.

Na kunna binciken, kafin in gama shan ruwa ya kammala, komai kore shar. Na yi saurin gaya wa matata, ita ma ta yi saurin gaya wa Baba, ya ce ai dama ya san aikin wancan. Sai da na zauna na karanta a tsanake na ga wani ɗan layi can ƙasa: manhajar ba ta samu shiga ba. Bawon albasa kawai ta kalla ta ce lafiya lau, ba ta matsa wuyanta ta ji ko ta ruɓe ba.

Abokina ya taɓa buɗe mini wani ƙaramin akawun da ke iya leƙe amma ba ya iya gyara. Da shi na duba bayanan shige da fice na saba, na ga abin da ya faru. Manhajar ta ƙwanƙwasa da yawa a jere, katangar tsaron da ya gina ta ɗauke ta ɓarawo, ta kore ta. Na rage mata sauri, na jira wa'adin korar ya wuce, na sake. Wannan karon ta kai bakin ƙofa, aka ce mata nan ba a shiga da kalmar sirri sam, sai da mabuɗi na musamman. Mabuɗin kuwa guda ne, yana cikin laftof ɗin mamacin. Na zauna a ɗakin nan mai zafi ina zaginsa a fili, ina cewa kai dai ka cika mugun taurin kai, sai na tuna ba zai rama ba. Ranar na yi kuka.

Laftof ɗin yana wurin surukata, a naɗe cikin zane a ƙasan akwati. Sai da matata ta yi ta sintiri kafin aka ba da shi. Ta kawo mini da idanu jajur, tare da saƙon Baba.

"Ya ce ka duba abin da kaka dubawa, amma kar ka taɓa komi na Yaya."

Na san kalmar buɗe laftof ɗin, don tare muka sha aiki a kansa. Na shiga saba da akawun ɗinsa, mai ɗauke da sunansa, na buɗe wa manhajar binciken nata akawun, na ba ta mabuɗi. Ta shiga, amma ta fito hannu wofi, domin duk ɗakin da ta nufa sai a ce ba ta da ikon manya. Na ba ta ikon. Ta sake makalewa, saboda ya hana a kunna komai daga wurin da takan sauke kayan aikinta. Na nema mata wani wurin. Kowace ƙofa na buɗe sai in ga hannunsa a jikinta, har ina jin yadda zai harare ni.

Da ta samu shiga sosai, binciken ya ɗauki rabin yini, ya fito ja wur. Manhajoji sun tsufa, ramuka birjik. Na yi ta mamaki, mutum mai tsantseni irin wannan? Sai na gano ya hana saba fita neman sabuntawa da kanta, don ko waje bai yarda ta leƙa ba. Shi yake ɗauko mata da hannu ya zuba. Na duba ranar sabuntawa ta ƙarshe. Ranar ce muka ci tsire tare a bakin tasha, yana ce mini kansa na ɗan sara masa. Tun daga ranar ba abin da ya sake shiga cikinta.

Na duƙufa, na toshe ramukan ɗaya bayan ɗaya, ja yana raguwa. Ya rage guda. Akawun ɗin abokina ne: na mutumin da ba ya aiki a cibiyar, dole a goge shi. Na kulle shi, na cire masa iko, na sake bincike, yana nan ja. Na buga wa jami'in da ke karɓar sakamakon waya na yi masa bayani, ya ce doka ce, ba shi ya yi ta ba. Na ɗaga masa murya har ya kashe wayar, alhali na san gaskiyarsa ce. Ko da na sauya wa akawun ɗin suna, sunan dai ya tafi. Ga wa'adi ya matso.

Na roƙi matata ta kai saƙo, ta girgiza kai.

"Wallahi ba ni iya hwaɗa ma Baba wagga magana. Kai ka tai."

Na tarar da shi a rumfar ajiyar albasa yana tsince ruɓaɓɓu. Na durƙusa, na gaishe shi, maimakon in tashi sai na zauna. Ya ɗago ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba. Na gaya masa duka: aikin ɗansa ba shi da aibi, amma in ana son cibiyar ta rayu sai an cire sunansa daga cikin saba. Ya ci gaba da tsintarsa har na gaji na yi sallama.

Washegari da hantsi ina zaune gaban saba sai na ji sallamarsa a bayana. Bai taɓa taka ɗakin ba. Na miƙe zan ba shi wuri, ya ce in zauna.

"Ina shike?"

Na nuna masa layin. Baba bai yi boko ba. Ya ɗora yatsa a kan gilashin, yatsa mai kaushi mai warin albasa.

"Wanga shi na sunan?"

"Shi ne, Baba."

Sai kawai ya buɗe baki ya kira sunan, cikakke, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya yi nisa a gona. Ya saurara kamar mai jiran amsa. Ba abin da ke motsi sai fankar saba.

"To," in ji shi. "Goge."

Na danna. Ya juya ya fita, ban bi shi ba. Da yamma binciken ya fito kore na gaskiya, aka ba mu izini, yaran Alelu da Karaye suka zo suka rubuta jarabawarsu. Ni ban ji daɗin komai ba. Mun koma gaisuwa daga nesa ni da Baba, kamar da. Shekaru na yi ina shiga gidan nan, ban taɓa jin sunan abokina a bakin mahaifinsa ba sai ranar da na goge shi da hannuna.