Sumar da Kakana Ya Tara

Jiya da hantsi maƙwabcina yana wasa wuƙa a kan dutse, shuu, shuu, sai na ji na ajiye abin da nake yi. Da wannan ƙara nake farkawa ina yaro, a ƙauyenmu da ke tsakanin Dungas da Waca, zamanin mulkin Nasara. Kakana wanzami ne. Kafin rana ta ɗaga ya fito gindin durumi da zabirarsa, wato jakar fatar da yake zuba asake, ya jiƙa dutse yana wasa su ɗaya bayan ɗaya. Duk kan da ke garin nan ya bi ta hannunsa, daga jinjirin kwana bakwai har liman.

To, ka san wanzami ba ya aske kansa, kuma ba ya miƙa shi ga wanzamin wani gida. Babana ke yi masa, kowace Juma'a. Shi kuwa babana ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninsu. Ban taɓa jin kakana ya kama sunansa ba, sai dai ya ce mani, "Je ka ce wa wancan ya zo." Ba sa cin abinci tare, ba sa haɗa ido. Amma ran Juma'a tsohon zai zauna a kan buzu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Sai babana ya taso, ya ɗebi ruwa a ƙwarya ya murza masa kai da sabulun salo, ya tallabe ƙeya da hannun hagu. Kakana ya lumshe ido. Askin da ake gamawa nan da nan, su sai su ja shi har inuwa ta gusa. Sai da na girma na gane a duk mako nan ne kawai hannun ɗayansu ke taɓa ɗaya.

Ina da kamar shekara bakwai masu jar hula, dogaran Nasara, suka zo daga wurin kumandan, Baturen mulki na Magarya, ɗibar soja. Samari da yawa suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi, wajen Kano, tafiyar yini ce a ƙasa. Babana ya ƙi gudu, don ya san tsohon za a kama a madadinsa. Aka tafi da shi ran Laraba. Innata ta koma gidansu a Kwaya da goyonta, aka bar ni da kakana da wata gwaggona mai yi mana tuwo. Gidan ya yi mana yawa.

Juma'a ta zo ta wuce, kakana bai cire hula ba. Wata ta zo ta wuce. Suma ta fara leƙowa ta gefen kunne, fara fat. Ni da yake abokin wasana ne, ba na raga masa.

"Tsoho, kanka ya zama bayan tunkiya."

"Ja can, ɗan nema," in ji shi.

Ran kasuwa wani wanzami daga Dungas ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, wanzami da suma? Kawo in sauke maka."

Kakana ya ce, "Akwai mai shi."

Mutane suka fara ƙus-ƙus. A wurinmu dattijo ba ya tara suma sai in hankali ya taɓu. Wasu suka janye kawunansu, masu haihuwa suka fara aikawa Dungas ran suna. Wata rana sai ya wasa asake tas, ya zauna har azahar ba wanda ya zo, ya mayar da su zabira. Ina tausayinsa, ina kuma jin haushin taurin kansa. Haka muka ga damina huɗu.

Bayan an kai damman gero rumbu babana ya dawo, ya rame, yana sanye da takalmin soja. Gari ya cika gidanmu. Kakana dai daga inda yake zaune ya ce, "An dawo lafiya?" bai ko ɗaga kai ba.

Ran Juma'a ya shimfiɗa buzu, ya zauna, ya cire hula. Sumar ta zubo har wuya. Na ruga na ciko ƙwarya. Babana ya fito daga ɗaki, ya tsaya yana kallon kan nan, idonsa ya kawo ruwa. Ya koma ciki, ya dawo da wani ɗan akwatin ƙarfe, ya durƙusa ya buɗe.

"Baba, ga tsaraba. Razuwar muke ce mata a bariki, mutanen Kano kuma reza. Ba ta yanka mutum. Ga madubi. Can kowa da kansa yake yi. Daga yau ba sai ka jira kowa ba."

Wallahi da alheri ya faɗa. An ba shi labarin jiran da tsohon ya yi, abin ya ci masa rai, shi a ganinsa magani ya kawo. Kakana ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Ya tattara sumarsa ya mayar da hula. Na tsaya da ƙwarya a hannu ina jiran ɗayansu ya ce wani abu. Kunya ta hana uban roƙo, ɗan kuma bai gane ba. Bayan kwana goma babana ya sami aikin gadin sito na gyaɗa a Damagaram, ya tafi.

Da bazara ta yi zafi tsohon ba ya iya hutawa don ƙaiƙayi. Na ce, "Kaka, koya mani in yi maka mana."

Ya ce, "Aska ba ta tsallake uba. Ni na ba wancan, shi zai ba ka."

Ya rasu da saukar ruwan fari, da sumarsa. Babana bai iso ba sai ran sadakar uku. Da mutane suka watse gwaggona ta gaya masa abin da tsohon yake jira ran Juma'ar nan. Ya daɗe zaune a kan buzun, sannan ya jawo zabira ya dube ni.

"Ya koya maka?"

"A'a. Ya ce kai za ka koya mani."

Ya buɗe ta, ya ɗauko aska, ya duba bakinta. Ya mayar ya ɗaure. Bai sake taɓa ta ba har ya mutu, ni ma ban zama wanzami ba.

Yanzu a Dungas yara ke aski da inji a shago, suna yi suna kallon waya, kafin ka gyara zama an ce tashi. Ni ba na zuwa. Ɗan farina yana Yamai, yaron kirki ne, duk wanda zai zo gida sai ya ba shi saƙon reza dami guda ya kawo mani. In ya kira ni ya tambaya ko akwai abin da nake bukata, sai in ce babu, Allah ya yi albarka.