Hancin Coronel da Gashin Bakin Don Eleuterio

Shekara goma sha tara ina soya gyaɗa mai sukari a dandalin garin Bariloche, kuma taku biyar ne tsakanin kaskona da Don Eleuterio Painefil, mai ɗaukar hoto. Aikinsa ya tsayar da baƙo kusa da ƙaton karensa mai ɗan tulun katako a wuya, ya ƙyasta musu hoto. Mutum ne mai son gayu. Ya ba saba'in baya, amma gashin bakinsa baƙi wuluk, alhali duk dandalin mun san kwalbar rinin da ke aljihunsa. In ka tambaya sai ya ce gado ne.

Karen, Coronel, matar tsohon, Ercilia, ce ta raine shi tun yana kwikwiyo. Ta rasu a sanyin bara waccan, bayan ta yi ta koɗewa a hankali. Tun daga nan Coronel ne abokin hirarsa, kuma abokin faɗansa.

A watan Yuli, tsakiyar sanyinmu a nan kudancin duniya, da ƙanƙara ta rufe gari, sai hancin Coronel ya fara koɗewa. Cikin mako biyu ya koma ruwan hoda kamar na ɗan alade.

Na ce, "Kai tsoho, me ya sami hancin abokinka?"

"Idonki ne ya lalace, Nélida. Hayaƙin gyaɗa ne."

"Ka kai shi wurin likita mana."

"Ai Ercilia ma na kai ta," in ji shi, ya juya mini ƙeya.

Nan na gane tsoro ne ke cinsa. Gani yake karen ma hanyar Ercilia ya ɗauka. Ya ba ni tausayi ƙwarai, amma haushin taurin kansa ya fi yawa.

Washegari sai ga Coronel da hanci baƙi yana sheƙi, yana atishawa ba ƙaƙƙautawa. Daga inda nake ina jin warin man takalmi.

"Ya warke," in ji Don Eleuterio, yana murza gashin baki.

"Sosai ma. Saura ka ɗaura masa igiyar takalmi."

Kwana uku asirin yana rufe. A na huɗu wata mata ta zo da farar rigar sanyi, sabuwa dal. Ta durƙusa ta rungume Coronel, shi kuwa gogan, da yake mai son mutane ne, ya bi ta da hanci daga kafaɗa har ƙugu. Da ta miƙe na ƙirga tambarin baƙin hanci bakwai a jikin rigar. Dariya ta sa na ƙona kasko guda.

Matar ba ta yi faɗa ba. Ta sunsuni rigar, ta ciro tsumma ta goge hancin karen, ta dube shi da kyau.

"Baba, wa ya yi wannan aika-aikar? Ni likitar dabbobi ce."

Don Eleuterio ya cire hula. "'Yata, faɗa mini gaskiya. Kwana nawa ya rage masa?"

"Wane kwana? Yana cin abinci?"

"Har da nawa."

"To ban ga ciwo ba. Wasu karnuka haka suke yi da sanyi, in rana ta dawo baƙin ya dawo. Man nan ne ma zai cuce shi." Ta ɗan kalli gashin bakinsa. "Na karen dai yana dawowa da kansa."

Sai tsoho ya zauna daɓas a cikin ƙanƙara, ya rungume wuyan karen, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izar Ercilia. Hawaye suka bi ta gashin baki suka sauka haɓa baƙi ƙirin. Na miƙa masa ƙullin gyaɗa, Coronel ya cinye.

A watan Nuwamba, da sanyi ya wuce, hancin ya koma baƙi. Gashin bakin kuwa ya zama fari fat, don tun ranar ya jefar da kwalbar.

Na ce, "Ina gadon ya tafi?"

"Ercilia ce ke son sa baƙi," in ji shi, yana sosa kunnen karen. "Wannan kuwa ko yaya nake, ya san ni."