Ƙarfe Sha Biyu a Ɗakin Fayil

Ina cikin shekarata ta goma sha ɗaya da fara aiki a wata ma'aikatar gwamnati a Minna wuyana ya soma ƙin juyawa. Aikina buga takardu ne. A shekarar aka kawo mana sababbin kwamfutoci, aka ce duk bayanan ma'aikata da ke cikin tsofaffin fayiloli sai an shigar da su, tun daga ranar da aka ɗauki mutum aiki har ranar da zai ajiye. Mu huɗu aka ɗora wa nauyin. Nakan hau keke napep daga Maitumbi in iso kafin takwas, in zauna fayil a hagu, kwamfuta a gaba, in ba salla ba babu abin da ke tayar da ni sai ƙarfe huɗu.

Ciwon ba farat ɗaya ya zo ba. Da farko nauyi ne a kafaɗar dama, kamar na wuni ɗauke da jarkar ruwa. Daga nan ya hau wuya, ya gangaro hannu, yatsuna biyu suka riƙa mutuwa. Na sha maganin ciwon jiki, na shafa man zafi har abokan aiki suka fara gane isowata da hanci. Likita ya ce in rage zama. Na ce to, na fito, don ban san wa zan bar wa zaman ba. Abin da ya tsorata ni shi ne ranar da na zo sallame sallar azahar, wuyan ya ƙi zuwa dama, sai da na juya gangar jikina gaba ɗaya.

Ciwo yakan sauya wa mutum hali bai sani ba. Wata safiya wani tsoho ya zo daga Wushishi, an yi kuskure a ranar haihuwarsa, kuskuren kuma ya riƙe masa takardun fansho. Ya tsaya a gefen teburina, ɓangaren da ba na iya waiwayawa, yana ta bayani tun daga farko.

Na ce, "Baba, ba ka ga aiki nake yi ba? Je ka zauna mana!"

Ya gyara hularsa, ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, 'yata." Ya koma benci. Sa'an mahaifina ne. Na gyara masa takardar a ranar, na kuma ba shi haƙuri, amma har aka tashi kunya ba ta sake ni ba.

Babbarmu a ofishin wata dattijuwa ce Kirista daga kudancin Kaduna, saura mata shekara biyu ta yi ritaya. Kowa Mama yake ce mata, har darakta. Hausarta tana da daɗi, sai dai ba ta raba mace da namiji, kowa a bakinta "kai" ne. Washegari ta tsaya a kaina ta ce, "Jiya ba kai ka yi wa tsohon nan tsawa ba, wuyanka ne. In sha biyu ta yi, ka same ni a ɗakin fayil."

Na san takan shiga ɗakin kullum da rana ta turo ƙofa, na ɗauka addu'a take yi. Ɗaki ne mai tsawo, kabad a dama kabad a hagu, warin tsohuwar takarda, da taga ɗaya mai kallon wata bishiyar mangwaro. Na same ta ta cire takalmi, ta ajiye kujeru biyu. Ta ce shekarun baya mashin ya buge ta a Dutsen Kura, ta daɗe tana zuwa gashin ƙashi, a can aka koya mata wasu motsi da yadda ake numfashi. 'Yarta nas ce, ita ke turo mata sauran a waya. "Yoga suke ce masa," in ji ta. "Ni dai na tsinci wanda tsohuwa za ta iya da zani a jikinta."

Na zaci za ta murɗa min wuya ko ta danna min baya. Ranar farko ko taɓa ni ba ta yi ba. Ta sa na zauna na dasa ƙafafuna a ƙasa, na ɗora hannu a ciki.

"Ja iska ta hanci, in ƙirga huɗu. Ka bar cikin ya taso ya ture hannun."

Na ja. Ƙirjina ne ya ɗaga, kafaɗuna suka bi shi, cikin bai motsa ba.

Ta yi dariya. "Ka gani? Na daɗe ina kallonka daga teburina. In kana buga lamba mai tsawo, ba ka numfashi sai ka gama. Kafaɗarka tana nan wajen kunne, kamar wanda ake shirin mari."

Na ji haushin maganar, mace da 'ya'ya uku a ce ba ta iya numfashi ba. Amma da na koma tebur na kama kaina. Lambar fayil tana zuwa sai in cije haƙora, in ɗauke numfashi, in noƙe wuya. Haka nake yi sau ba adadi a wuni, shekara da shekaru, ban taɓa lura ba.

Muka ci gaba, minti goma sha biyar kullum. A ja iska ana ƙirga huɗu, a sake ta a hankali ana ƙirga shida. Daga baya ta ƙara motsi kaɗan kaɗan: a ja haɓa baya ba tare da an sunkuya ba, a karkatar da kunne wajen kafaɗa a dakata, a riƙe bayan kujera a juya ƙugu, a dafa kabad da hannu biyu a ja da baya har kashin baya ya miƙe. Dokarta ɗaya ce, inda zafi ya fara nan ake tsayawa. "Ba kokawa kake da shi ba," takan ce. "Lallashi ne."

Da na gaya wa maigidana, ya ajiye cokali ya dube ni. "Ba irin na Indiyawan nan ba ne, masu naɗe ƙafa su rufe ido suna kiran wasu sunaye? Ki dai yi hattara da addininki." Maganar ta tsaya min a rai, don ni ma na yi tunanin. Ranar Asabar bayan an tashi daga Islamiyya na tsaya na tambayi malamarmu, na ma gwada mata motsin a zaune.

Ta ce, "Akwai wanda kike kira in kina yi?"

Na ce babu, ƙirga kawai nake.

"Akwai wanda kike rusuna wa?"

Na ce sai dai kabad.

Ta yi murmushi ta ce, "Duk abin da kika ga ya yi kama da bauta, ki bar shi. Amma miƙa, ai ko kyanwa tana yi in ta tashi daga barci. Jikin nan amana ne a hannunki." Da na ba Mama labari ranar Litinin ta tafa hannu, ta ce ita ma sai da ta je wajen fastonsu da irin wannan tambayar kafin hankalinta ya kwanta.

A hanyar gida ranar na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa. Maƙerin tagulla ne a Bida, yini yake a duƙe yana zane a jikin tire. Lokaci lokaci yakan ajiye guduma ya miƙe, ya kama katakon saman ƙofa ya saki jikinsa, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Muna yara mukan kwaikwaye shi muna dariya. Ya yi aiki a duƙe har tsufansa, ban taɓa jin ya kira abin da wani suna ba.

Sauƙin ya yi nawa. Mako biyun farko ma ji na yi kamar an ƙara min, har na ce zan daina, Mama ta ce in ba ta wata ɗaya. Ta kuma sa na tura ƙunshi biyu na takardar bugu ƙarƙashin allon kwamfuta don ya daidaita da idona, na zo da ƙaramin matashi daga gida na sa a bayan kujera. Ban san wanne ya fi yin aiki ba cikin waɗannan. Na dai san wata la'asar na sallame salla dama da hagu, sai da na naɗe darduma sannan na gane abin da ya faru.

Da damina mijin Mama ya rasu bayan gajeriyar jinya. Muka je gaisuwa gidansu a Dutsen Kura, aka tafi da shi ƙauyensu. Da ta dawo aiki bayan makonni, ta rame, tana gaisawa da kowa yadda ta saba, amma sha biyu ta yi ba ta tashi ba. Na dube ta, ta girgiza kai. Haka na yi kwana uku ina shiga ɗakin ni kaɗai.

Rana ta huɗu ta kawo min takarda da sa hannun darakta. A bayanan kowane ma'aikaci akwai gurbin da ake rubuta magajinsa, nata sunan mijinta ne a ciki, tana so a mayar da na 'yarta. Fayil ɗinta yana cikin kasona. Na ce ta bar min zan yi anjima, ta ce a'a, a gabanta take so. Ta tsaya a bayana, na buɗe shafin, na goge sunan harafi bayan harafi. Kafin in fara rubuta sabon na ji numfashinta ya ɗauke. Na waiwaya, na ga ta riƙe bayan kujerata, kafaɗunta sun haɗe, bakinta a buɗe amma iska ba ta shiga.

Na kama hannunta na ja ta ɗakin fayil, na zaunar da ita, na durƙusa na cire mata takalmi. Ban san me ake faɗa wa mutum a irin wannan hali ba wanda ba a riga an faɗa mata ba. Na ɗauki hannunta na ɗora a cikinta na ce, "Mama, ja iska, ni zan ƙirga." Sau biyu ta kasa kaiwa huɗu. A na uku ta kai, da ta zo sakewa sai kuka ya biyo iskar. Na daina ƙirga. Muka zauna har ya lafa, ruwan sama yana dukan taga. Ta share fuska da gefen zani ta ce, "Tun da aka binne shi ban yi kuka ba, mutane sun yi yawa. Tashi mu je ka ƙarasa rubutun." Muka koma, na sa sunan 'yarta, ta karanta ta ce daidai ne.

Ta cika shekarunta ta yi ritaya, ta koma gida. Ciwona bai tafi gaba ɗaya ba. In aiki ya yi yawa na yi sakaci mako guda, yakan leƙo ta kafaɗa, in koma wa motsin. Yanzu mu uku ne ke shiga ɗakin, har da wata sabuwar ma'aikaciya da ta fara da yi mana dariya.

Kwanakin baya na kira Mama in gaishe ta. Ina jin kaji da muryoyin mutane a bayanta. Ta ce citta take nomawa yanzu a gonar mijinta, ƙugunta ya samu sabon oga. Na tambaye ta ko tana samun lokacin motsin.

"Ina yi a bakin gona," in ji ta. "Matan ƙauye sun ce tsohuwar ta dawo daga birni da sabuwar rawa. Biyu ma sun ce in koya musu, amma sai an gama shuka."